Injin niƙa a Agege: yadda ma'aikata 14 suka koma 6, sannan suka dawo 11

Asalin wurin, 2019 zuwa 2021

Wurin shago biyu ne da aka fasa bangon tsakaninsu, a wani layi na yankin Agege, jihar Legas. Mai shi ɗan kasuwar hatsi ne daga Arewa wanda ya daɗe a Ikko. A 2019 ya kafa injin surfe ɗaya da injin niƙa ɗaya, ya ɗauki mutum 5. Aikin iri biyu ne. Akwai niƙan haya, wato masu sayar da tuwo da koko da kunu su kawo masara ko gero ko dawa a niƙa musu su biya. Akwai kuma nasa hatsin da yake saukowa da shi daga Dawanau da Saminaka, a surfe, a niƙa, a tankaɗe, a ɗura a ledar kilo ɗaya da ta kilo biyar. Dusa kuma masu kiwon kaji da 'yan tumaki ke kwashewa.

Rajistar sunan kasuwanci kawai ya yi a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, bai buɗe kamfani ba. Wannan yana da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya. Kamfani harajin ribarsa na gwamnatin tarayya ne, amma mai sunan kasuwanci doka ta ɗauki ribarsa a matsayin kuɗin shigarsa na kansa, harajinsa kuwa na jihar da yake zaune ne. A Legas hukumar tara haraji ta jiha, LIRS, ke karɓa. Haka ma harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata, wanda aka sani da PAYE: maigida ne zai cire ya tura kafin ranar 10 ga watan da ke biye, ya kuma miƙa bayanin shekara kafin ƙarshen Janairu. Mai injin bai san da wannan ba. A ganinsa tunda yana biyan duk wanda ya zo da tikiti, ya fita haƙƙin hukuma.

Zuwa ƙarshen 2021 ma'aikata sun kai 9. Ya samu lambar NAFDAC a kan garin masara, ya kuma samu manyan masu saye biyu: wani babban kanti da wata makarantar kwana mai zaman kanta. Dukansu suna cire kashi 5 cikin 100 a duk biyan da suka yi masa, suna cewa harajin riƙewa ne. Bai taɓa neman takardar shaidar cirewar ba, ya ɗauke ta asarar da ake haƙuri da ita.

2022: hannaye sun yi yawa a unguwa

Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. A Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Agege ba ta cikin jerin, sai dai samarin da ke kwana a Agege yawancin cinikinsu a hanyar Ikeja yake. Waɗanda aka ƙwace wa babur suka dawo zaman benci.

Mai injin ya ɗauki biyar daga cikinsu, ma'aikata suka zama 14. Albashi ya kasu uku: masu tuƙa inji 3 a kan naira 60,000, masu awo da ɗuri 5 a kan 45,000, 'yan dako 6 a kan 30,000. Jimilla naira 585,000 a wata. A lokacin ana niƙa buhu 120 a mako, kusan kashi uku cikin huɗu na haya ne. Dizal ya riga ya haura naira 700 a lita a tsakiyar shekarar, amma ciniki na ɗaukar nauyin.

2023: kuɗi na fita ta ƙofofi da yawa

Shekarar ta fara da ƙarancin takardun naira, masu tuwo suka rage niƙa. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, a Yuni aka saki farashin dala, kuɗin mota daga Kano ya tashi, masara ta bi shi. Kafin shekara ta ƙare dizal ya wuce naira 1,000.

A daidai lokacin masu karɓar kuɗi suka yawaita. Layin yana kusa da iyakar kansul biyu, wato ƙananan hukumomi, kowanne ɓangare na aiko da nasa. Akwai kuɗin shago, kuɗin rediyo da talabijin, kuɗin allon suna, kuɗin feshi, kuɗin duba lafiyar masu taɓa abinci, kuɗin shara, da kuɗin gini da mai gida ya ɗora wa 'yan haya. A kan duk motar da ta tsaya sauke buhu, samarin layi na karɓar naira 5,000 kafin a buɗe ƙyaure. Yadda abin ke gudana kusan kullum ɗaya ne: mutum uku ko huɗu su shigo da riga mai tambari, ɗaya riƙe da kwaɗo da sarƙa, a ambaci naira 40,000, a yi ciniki a tsaya a 15,000, a yago takarda daga wani ɗan littafi a miƙa. Mai injin yana jefa takardun a cikin wani tsohon gwangwanin madara da ke ƙarƙashin teburin sikeli.

Da aka zazzage gwangwanin daga baya, an samu abin da ya biya a 2023 ya kai naira 612,000, wato 51,000 a wata. A ciki naira 148,000 ne kaɗai ke da rasit mai lambar da za a iya bin sawunta zuwa asusun hukuma. Ko sisi bai shiga asusun harajinsa na jiha ba, don ba shi ma da lambar mai biyan haraji.

A Nuwamba 2023 ya sallami mutum 4. Niƙa ya sauko buhu 85 a mako.

Abin da aka fara gwadawa, Disamba 2023 zuwa Afrilu 2024

Farko ya nemi bashin asusun samar da aikin yi na jihar, LSETF, wanda gwamnatin Akinwunmi Ambode ta kafa a 2016 don ƙananan sana'o'i. Ba a kai ga duba kasuwancin ba aka tsaya a takardu: babu katin shaidar mazaunin jiha na hukumar LASRRA, babu lambar haraji.

Na biyu shi ne ya fi yi masa illa. Makarantar kwanan ta ce ba za ta sabunta kwangila ba sai ya kawo takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekaru uku da suka gabata. Wani ɗan kamasho da ke yawo a kasuwa ya ce zai fito da ita cikin mako ɗaya, ya karɓi naira 350,000. Ya kawo takarda mai hatimi da sa hannu. Akantan makarantar ya saka lambarta a shafin tantancewa na intanet, ba ta fito ba. A Fabrairu 2024 kwangilar ta tafi, ɗan kamashon ma wayarsa ta daina shiga.

Na uku, ya kama ɗakin ajiya a Sango-Ota, cikin jihar Ogun, da nufin manyan motoci su riƙa saukewa can, a riƙa shigo da kaya kaɗan-kaɗan a ƙananan motoci. Dako ya zama biyu, kuɗin mota ya zama biyu, can ma ya tarar da masu tikitinsu. Bayan wata huɗu ya mayar da makulli.

Na huɗu, ya mayar da 'yan dako kan biyan yini, da tunanin wanda ba ya albashin wata ba ya cikin lissafin hukuma. Bai rage komai ba, domin tun dokar kuɗi ta 2020 mai karɓar mafi ƙarancin albashi ko ƙasa da haka ba ya biyan haraji, kuma a lokacin naira 30,000 ne mafi ƙarancin. Abin da ya jawo kawai shi ne ranar da mota ta iso da asuba sai a rasa masu saukewa, sun tafi inda aka fi biya.

Ana cikin haka, a farkon Afrilu 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga masu layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan yunit ɗaya, kuma layin injin na ciki. Yunit 2,400 da yake sha a wata ya tashi daga naira 163,200 zuwa 540,000. Ya ƙara kuɗin niƙa, wasu masu tuwo suka koma ƙananan injinan cikin lungu. Ya sake sallamar mutum 4. Saura 6, niƙa buhu 55.

Daga cikin mutum 8 da suka tafi, uku sun koma gida Arewa, sauran suka shiga tura baro da dako a kasuwa, yau a samu gobe a rasa. A lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, irin waɗannan masu aiki ne. Tun 2023 ta sauya ma'auni, duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako an ƙirga shi. Shi ya sa rashin aikin yi da aka ce kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020 ya koma kashi 5.3 a farkon 2024.

Takardar Mayu 2024

A tsakiyar Mayu aka kawo takardar ƙiyasin haraji ta naira 4,800,000, ta shekarun 2019 zuwa 2023. Doka ta ba hukuma ikon yin ƙiyasi da kanta idan mutum bai miƙa bayanin kuɗin shigarsa ba, kuma tana iya komawa baya har shekara shida. Sunansa ya fito ne ta jerin da kantin da makarantar ke turawa duk lokacin da suka biya harajin da suka cire masa.

Mai injin yana Kano sayen kaya. Yaron da ya karɓa ya soke takardar a ƙusa tare da rasit ɗin wuta, ta kwana tara a nan. Wa'adin ƙin amincewa da ƙiyasi kwana 30 ne daga ranar da aka miƙa shi. In ya wuce ba a rubuta komai ba, adadin ya tabbata, hukuma na iya neman izinin kotu ta rufe wuri ta riƙe kaya.

Da ya dawo, shawarar farko da aka ba shi ita ce a nemi wanda zai shiga tsakani a sasanta a baki. Ya ƙi, saboda abin da ɗan kamasho ya yi masa. Wani maƙwabcinsa mai sayar da buhuna ya haɗa shi da akanta mai lasisi, suka yi jinga a kan naira 200,000.

Yuni zuwa Satumba 2024: haɗa lissafi

Akantan ya fara da tambayar littafi. Mai injin ya ce ba shi da littafin da hukuma za ta karɓa, sai wanda yake rubuta bashi da albashi a ciki. Ya ɗauko manyan littattafai huɗu masu baƙin bango, duk da ajami: kwanan wata, sunan mai kaya, buhu nawa, nawa aka biya, nawa ya rage, a ƙarshen kowane wata kuma sunayen yara da abin da kowa ya karɓa. Akantan bai iya karanta ajami ba. Sai suka zauna dare biyar bayan isha'i, mai injin na karantawa, shi yana shigarwa a kwamfuta. Waɗannan littattafan ne suka zama ginshiƙin takardar ƙin amincewa, wadda aka miƙa a rana ta 26, aka karɓi kwafi mai hatimin ranar karɓa.

Takardar ta faɗi dalilai ɗaya bayan ɗaya, ta kawo ribar kowace shekara, ta kuma ambaci adadin da mai injin ya yarda yana kansa. Abubuwa uku suka ɗauki lokaci a zaman tantancewa biyu da aka yi.

Na farko asusun banki. Asusu ɗaya yake amfani da shi, kuma ta cikinsa 'yan garinsu ke aika kuɗi gida, ta cikinsa ake tara adashin layi. Duk kuɗin da ya shigo ana ɗaukarsa ciniki ne sai an nuna akasin haka. Sai da aka bi shigar kuɗi da fitarsu ɗaya-ɗaya, aka nuna wanda ya shigo yau ya fita gobe zuwa wani suna a Arewa.

Na biyu albashi. Ƙiyasin ya ɗauka mutum 14 ne tun 2019, kowa a kan albashi ɗaya. A tsarin lokacin ana fara cire rangwamen naira 200,000 da kashi 20 cikin 100 na albashin shekara, sannan a caji kashi 7 a kan 300,000 na farko, kashi 11 a kan 300,000 na biyu, a yi ta hawa har kashi 24. Mai naira 60,000 a wata harajinsa 29,360 ne a shekara. Mai 45,000 nasa 16,240. Mai 30,000 babu komai tun 2021. Ko lokacin da ma'aikata suka cika 14, abin da ya kamata a tura kimanin naira 14,100 ne kawai a wata. An kuma fitar da mutum biyu da ke kwana a ɓangaren Ogun, domin harajin albashi na jihar da ma'aikaci ke zaune ne, ba inda yake aiki ba.

Na uku harajin riƙewa. Akantan ya rubuta wa kantin da makarantar, suka ba da shaidar abin da suka cire, naira 310,000. Wannan kuɗi biyan haraji ne tun kafin lokaci, ana cire shi daga abin da ake bin mutum.

A Satumba sabon adadi ya fito: harajin mai injin 760,000, na albashi 420,000, tara da kuɗin jinkiri 170,000, jimilla 1,350,000. Da aka cire 310,000 ya rage 1,040,000. An yarda ya biya sau huɗu, 260,000 duk wata daga Oktoba zuwa Janairu, ta banki, da lambarsa ta mai biyan haraji. Harajin albashin baya daga aljihunsa ya fito, tunda ba zai bi waɗanda ya sallama ya ce su dawo da shi ba.

Masu tikiti, ƙarshen 2024

Wannan ɓangaren mutum ɗaya ba ya iya shi. Masu shaguna 23 na layin suka naɗa mutum uku, suka je ofishin kuɗin shiga na kansul ɗin da taswira ta nuna layin na cikinsa, suka nemi jerin kuɗaɗen da dokar jihar ta 2010 ta amince kansul ya karɓa. Da jerin a hannu aka gano biya biyu a wurare da dama. Kuɗin allon talla hukumar alluna da tallace-tallace ta jiha, LASAA, ke karɓa tun 2006. Kuɗin gini kuwa yana cikin harajin amfani da ƙasa na jiha, wanda ya haɗe kuɗin gini da na fili wuri guda, kuma mai gini ake bi. Aka daidaita a kan takardar neman biya ɗaya a shekara ga kowane shago, a biya a banki, a manna kwafin rasit a bango cikin leda. Duk wanda ya zo, a nuna masa bango, a nemi katin aikinsa, a kira ɗaya daga cikin mutum ukun.

Kuɗin sauke kaya ba ya cikin kowace doka, don haka babu ofishin da za a kai ƙararsa a soke shi. Sai da dattawan Hausawa da shugabannin unguwa na Yarabawa suka zauna da shugabannin samarin, aka sauko da shi daga 5,000 zuwa 2,000 a kan mota. Har yanzu ana biya.

2025

A Janairu aka miƙa bayanin albashi na shekara, a Fabrairu na mai injin kansa na 2024, a Maris takardar shaidar haraji ta fito, lambarta na fitowa a shafin tantancewa. Ya buɗe asusun kasuwanci daban, ya yi katin LASRRA. Bai koma LSETF ba, saboda bashin akwai ruwa a kansa. Ya je bankin da ba ya mu'amala da ruwa, suka saya masa sabuwar na'urar juya inji mai cin wuta kaɗan da injin liƙe leda ta hanyar murabaha, wato banki ya saya ya sayar masa da ribar da aka yarda da ita, zai biya cikin wata 18. Su ma sai da suka ga takardar haraji da bayanan asusu.

Kantin ya ƙara masa rassa biyu, ya ɗauki mutum 2 a Afrilu. Makarantar ta dawo da kwangila a zangon Satumba, wata makarantar ta biyo ta, ya ɗauki 3. Farashin masara ma ya sauko a shekarar. A Disamba ma'aikata 11 ne, niƙa buhu 105 a mako, kusan rabi nasa ne na leda. Abin da ya biya masu karɓa a duk shekarar naira 236,000.

Abin da lissafin ya nuna

Harajin da doka ta ɗora wa wannan wuri bai kai ya kori ko mutum ɗaya ba. Naira 14,100 a wata na albashi, wanda ma daga ma'aikata ake cirewa, ba ya kusa da ƙarin naira 376,800 da wuta ta yi a wata guda. Sallamar Afrilu 2024 wuta ce ta jawo ta, tare da kwangilar da ta suɓuce wata biyu kafin nan. Ita kuma kwangilar rashin takarda ne ya tafi da ita.

Gyaran da aka yi da masu tikiti ya rage naira 376,000 a shekara, kimanin 31,000 a wata. Bai kai albashin mai ɗuri ɗaya ba. Amfaninsa shi ne mai injin ya san abin da zai biya tun farkon shekara, kuma ba a ƙara tsayar masa da inji ana ciniki a bakin ƙofa ba. Mutum biyar da suka dawo aiki, manyan masu saye ne suka dawo da su, su kuwa ba sa sayen kaya sai da takardar haraji.

A nan ne tsarin jihar ke da gyara. Legas ta tara sama da naira biliyan 800 na kuɗin shiga na cikin gida a 2023, fiye da kowace jiha nesa ba kusa ba, tana kuma da asusun tallafa wa masu ɗaukar ma'aikata. Amma mutumin da ya biya naira 612,000 a shekara ɗaya ya je ƙofar asusun a matsayin wanda bai taɓa biyan komai ba. Shekara biyar masu tikiti na zuwa shagonsa, babu wanda ya ce masa ya yi lambar haraji, kuma takardar farko da ya gani daga ɓangaren jiha ta ƙiyasi ce, da Turancin da yaron shago bai gane ba. Da bayanin ya iso shi da Hausa ta bakin ƙungiyar kasuwa tun 2019, abin da zai kashe bai kai kuɗin ɗan kamasho da na akanta ba. Nasa laifin shi ma a fili yake: haɗa asusu, ƙin neman shaidar kuɗin da ake cire masa, da sayen takarda a hannun wanda ba hukuma ba.

Daga 1 ga Janairu 2026 sabuwar dokar harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta cire haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara, ta sa kashi 15 a kan abin da ya biyo baya har zuwa miliyan 3. Mai ɗuri da yanzu ke karɓar 75,000 a wata harajinsa zai sauko daga 45,200 zuwa 15,000 a shekara, kafin ma a cire rangwamen kuɗin haya. Matsin da ya rage a kan mai injin na albashi ne: a ƙarshen 2024 jihar ta mayar da mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta 85,000, kuma duk da dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, masu tuƙa inji da wannan adadin suke auna nasu. Gurabe uku na 'yan dako har yanzu babu kowa a cikinsu, ranar da mota ta zo ana ɗaukar 'yan yini.